Mai kuɗi da kukan babu: yadda Red Sox ke ta sallamar yaran gida

Na san abin da za a fara tambaya ta, wai me ya haɗa Bahaushe da besbol, wasan da ko a gidan kallo ba a sakawa. Toh Liverpool ce ta ja min. A watan Oktoban 2010 da wasu Amurkawa suka sayi kulob ɗinmu kan fam miliyan 300 sai na ce bari dai in bincika su waye waɗannan mutanen, don waɗanda suka gabace su, Hicks da Gillett, sun kusa kai mu ƙasa kuma su ma Amurkawa ne. Da na duba sai na ga ashe ogan nasu John Henry yana da wata ƙungiyar besbol a Boston mai suna Red Sox, daga leƙe sai na fara kallon guntayen bidiyo, daga nan sai na koyi dokokin wasan, kafin in ankara a 2013 na zama mutumin da ke farkawa sha biyun dare yana ƙona data don ya kalli wasu mutane suna dukan ƙwallo da sanda. Wasan ƙarfe bakwai na yammansu mu nan sha biyun dare ne, wasa 162 ake yi a sizin, ku lissafa baccin da na yi asara. Abokaina a teburin mai shayi har yau dariya suke min, ni kuma na daina kare kaina.

Saboda haka abin da zan faɗa ba na ɗan kallo ba ne, abin yana ci na. Kuma ina ganin duk ɗan Liverpool ya kamata ya saurara don aljihu ɗaya ne ke riƙe da mu duka.

Bari in fara da adalci kar a ce ban san alheri ba. Kafin Henry da mutanensa su sayi Red Sox a 2002 rabon ƙungiyar da ta ci World Series, wato babban kofin besbol, tun 1918. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar na lokacin, Harry Frazee, ya sayar da Babe Ruth ga New York Yankees kan dala 100,000, Ruth ya je can ya zama ɗan wasan da ba a taɓa yin kamarsa ba, Yankees suka dinga kwasar kofuna, Boston kuma ta zauna shekara 86 tana haɗiyar yawu har mutanen garin suka yarda baki ne ya kama su. An haifi mutane sun tsufa sun mutu ba su ga kofi ba. Henry ne ya zo ya karya wannan a 2004, kuma ta hanyar da ta fi daɗi, Yankees sun ci su wasa uku a jere saura ɗaya a kore su, suka farfaɗo suka ci huɗu a jere. Suka sake ci a 2007, da 2013, da 2018. Kofi huɗu cikin shekara goma sha biyar. Wanda ya yi maka wannan ba ka tashi rana ɗaya ka ce bai iya ba.

Amma fa garin da ya sha wuyar sayar da Babe Ruth, garin da kowane yaro ya taso da labarin, shi ne kuma shekara ɗari cif bayan haka aka sake yi wa irin wannan cinikin. Wannan ne ba ya shiga kaina.

Mookie Betts. Yaro ne ɗan Nashville, Red Sox ne suka ɗauko shi a 2011 a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa, wato ba wanda ya ɗauke shi wani abu, ɗan ƙaramin jiki gare shi, a hannunsu ya girma ya bi ƙananan ƙungiyoyinsu har ya hau sama. A 2018 shi ne gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga manyan rukunoni biyu na gasar, ƙungiyar ta ci wasa 108 wanda ba ta taɓa yi ba a tarihinta, suka doke Los Angeles Dodgers a wasa biyar suka ɗau kofi. Yana duka, yana gudu, yana tsaron fili, ba fitina ba surutu, har a tsakiyar World Series ɗin an gan shi cikin dare bayan wasa yana raba wa marasa matsuguni abinci a kusa da babban laburaren Boston, ba shi ya kira 'yan jarida ba, wani ne ya gan shi. Kuma akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba, Red Sox ita ce ƙungiya ta ƙarshe a manyan ƙungiyoyin besbol da ta yarda ta saka baƙar fata, sai 1959 da Pumpsie Green, shekara goma sha biyu bayan Jackie Robinson. Ƙungiya mai wannan tabon Allah ya ba ta baƙar fata ɗan gida wanda duk gari ke so, wanda da an riƙe shi da yanzu ana maganar inda za a kafa gunkinsa a ƙofar fili.

Fabrairun 2020 suka tura shi Dodgers. Waɗanda suka doke ɗin nan dai. Suka haɗa musu da mai jifan ƙwallo David Price, har da alkawarin su za su ci gaba da biyan rabin albashin Price ɗin da ya rage.

Nan sai na ɗan yi bayani don tsarin ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne. A besbol ba a cika sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, in ba ka babba ka ba ni yara uku masu tasowa. Kuma ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa sai ya cika shekara shida a sama kafin ya samu 'yancin zuwa inda ya ga dama. Betts saura shekara ɗaya ya samu wannan 'yancin. Sannan ba su da dokar da ta ƙayyade iyakar albashi, abin da suke da shi haraji ne, an ja layi, a 2020 layin dala miliyan 208 ne, in jimillar albashin 'yan wasanka ta wuce sai ka biya haraji a kan rarar kawai, kashi 20 a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 in ka yi uku a jere. In ka sauko ƙasan layin shekara ɗaya sai lissafin ya koma farko. Toh wannan saukowar ita masu Red Sox suka fito suka ce suna so tun ƙarshen 2019.

Nawa ne harajin da ya tayar musu da hankali haka? Wanda suka biya a 2019 bai kai dala miliyan 14 ba. Ƙungiyar da aka saya kusan dala miliyan 700, da filinta da kaso mafi tsoka na tashar talabijin ɗinta NESN, yanzu ake ƙiyasta ta sama da dala biliyan 4. Wannan ai kamar attajirin Kantin Kwari ne ya sallami babban yaron shagonsa, wanda duk kwastomomi saboda shi suke zuwa, wai don kuɗin shara ya ƙaru.

Za a ce ai Betts ɗin ba ya son zama, ya ce sai ya gwada kasuwa. Har yau ana musu kan abin da suka yi masa tayi. Abin da ba musu a kai shi ne wata biyar da zuwansa Los Angeles, a tsakiyar korona lokacin da kowa ke kukan ba kuɗi, ya sa hannu a kwantiragin shekara 12 kan dala miliyan 365 bai ma jira kasuwar ba. Ashe dai ba kasuwa yake so ba, farashinsa yake so. A shekarar ya ci kofi da su. Ya sake ci a 2024. Ya sake ci a 2025, kuma a wasa na bakwai da Toronto shi ya cafe ƙwallon ƙarshe ya taka tasha ta biyu ya jefa ta farko, wato wuraren da mai duka ke bi da gudu kafin ya ci maki, aka tashi wasan, ina zaune da asuba ina kallo ban san ko murna zan yi masa ko kuka zan yi wa kaina ba. Yau in ka duba dala miliyan 365 ɗin ma araha ce, tunda Ohtani ya karɓi 700 a wajen Dodgers ɗin, Juan Soto ya karɓi 765 a wajen Mets.

Mu kuma me muka samu? Alex Verdugo, Jeter Downs, Connor Wong. Downs wanda aka ce mana shi ne gobe, ƙarshen 2022 suka cire shi daga jerin 'yan wasa Washington ta ɗauke shi a banza. Verdugo ya yi 'yan shekarunsa ba yabo ba fallasa suka tura shi, ina? Yankees. Wong ne kaɗai ya rage yana tsugunno a bayan mai duka. An karɓi saniyar tatsa an ba mu kaji uku, biyu sun mutu.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma ba wai ba sa kashe kuɗi ba ne kwata-kwata, a'a, da haka ne da mun san da marowaci muke zaune mun haƙura. Suna kashewa, amma a kan baƙo. Carl Crawford shekara bakwai dala miliyan 142, bai yi shekara biyu cikakku ba aka kai shi gaba. Pablo Sandoval miliyan 95, sai da suka kore shi suna ci gaba da biyansa. Trevor Story miliyan 140 a 2022, shekarunsa uku na farko ya fi daɗewa wajen likita a kan fili. Masataka Yoshida miliyan 90. Amma in ɗan gida ne ya zo karɓar haƙƙinsa sai a ɗauko kalkuleta. Jon Lester, yaron da ya yi fama da kansa a hannunsu ya warke ya ci musu kofi biyu, a 2014 suka yi masa tayin raini suka tura shi Oakland, ya wuce Chicago Cubs ya taya su cin kofinsu na farko cikin shekara 108. Xander Bogaerts ɗan Aruba, tun yana ɗan shekara sha shida yake hannunsu, kofi biyu shi ma, suka yi ta cewa shi ne abu na farko a gabansu har San Diego ta zo a Disambar 2022 ta ba shi shekara 11 dala miliyan 280 ya tattara. Shi kam na yarda kwantiragin ya yi tsawo, ni ma da ni ne ba zan ba da haka ba, amma wa ya bari abin ya kai can? Da an zauna da shi da wuri da mutunci ai da San Diego ba ta ma samu ƙofar shiga ba.

Janairun 2023 suka yi taron magoya baya da suke yi duk hunturu, a Springfield, Henry ya hau dandamali mutane suka dinga yi masa ihu, shi da Chaim Bloom shugaban sashen 'yan wasa. A wannan watan ne dai suka ba Rafael Devers ƙarin shekara 10 kan dala miliyan 313.5, kwantiragi mafi girma a tarihin ƙungiyar. Muka ce alhamdulillah an ji kukanmu, ko ba komai an bar mana ɗaya.

Shi Bloom ɗin tausayi yake ba ni wlh. An kori Dave Dombrowski a Satumbar 2019, ƙasa da shekara ɗaya bayan ya kawo kofi, laifinsa wai ya kashe kuɗi da yawa ya kuma rabar da yara masu tasowa. Aka ɗauko Bloom daga Tampa Bay, ƙungiyar da ta shahara wajen yin miya da ɗan cefane kaɗan, aikin farko da aka ɗora masa shi ne ya rabu da Betts. Ya yi. Ya sha zagi shekara huɗu, ƙungiya ta ƙare a ƙarshen rukuninta a 2020 da 2022 da 2023, sai a Satumbar 2023 aka kore shi shi ma. Mu kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, toh a Boston an mayar da karin maganar sana'a, duk shekara huɗu a kawo sabon bafade a ɗora masa laifi a sallame shi, sarki na zaune. Abin dariyar ma yaran da ake taƙama da su yanzu, su Roman Anthony da Marcelo Mayer, Bloom ɗin ne ya zaɓo su.

Bayan korarsa shugaban hukumar ƙungiyar Tom Werner ya fito ya ce wannan karon za su taka totur har ƙasa a kasuwar 'yan wasa. Muka gyara zama. Abin da ya biyo baya, ba su ɗauko wani babba ba, sai ma suka tura Chris Sale Atlanta suka bi shi da dala miliyan 17, a ba su yaro Vaughn Grissom. Sale wanda ya shekara biyar yana jinya da kuɗinmu ya je can a 2024 ya zama gwarzon masu jifa na ɗaya rukunin, National League. Wannan kam ba zan ce kowa ya hango ba, mu kanmu mun gaji da raunukansa, amma ka ga irin sa'ar mai tsautsayi.

Sai Devers. Ina so in tsaya a nan don labarin yana da fuska biyu kuma ba na son in yi ƙarya.

Fabrairun 2025 suka ɗauko Alex Bregman, shekara uku dala miliyan 120, da damar ya fice duk ƙarshen sizin in ya so. Bregman tasha ta uku yake tsaro, wurin Devers kenan tun 2017, kuma gaskiya ya fi Devers iya tsaron wurin nesa ba kusa ba, wannan ko masoyin Devers ya sani. Matsalar ita ce yadda aka yi abin. Mutum yana zaune aka kawo wani a kan kujerarsa, ya fito ya ce shi ba zai tashi ba, aka lallaɓa shi ya koma mai duka kawai ba ya tsaron fili, ya haɗiye ya karɓa, ya ajiye safar hannunsa. Watan Mayu Triston Casas mai tsaron tasha ta farko ya ji mummunan rauni a gwiwa, sai aka dawo wai Devers ɗauko safar nan ka koma tasha ta farko, wurin da bai taɓa bugawa ba. Ya ƙi, ya kuma faɗa wa 'yan jarida cewa su shugabannin su je su yi aikinsu su nemo ɗan wasa. Sai da Henry da kansa ya hau jirgi zuwa Kansas City ya same shi.

Devers ya yi kuskure? Ya yi. Wanda ake biya sama da miliyan 300 in gida ya kama da wuta ba ya cewa ni ba aikina ba ne ɗaukar bokiti. Amma shi yaro ne mai zuciya da aka yi wa wasa da hankali sau biyu cikin wata uku, su kuma manya ne da aikinsu kenan su iya tafiyar da mutane. Duk wanda ya taɓa riƙe yaran shago ko 'yan aiki a gona ya san akwai yadda ake gaya wa mutum magana ya yi maka abin da ko biyansa ka yi ba zai yi ba.

Ranar Lahadi 15 ga Yunin 2025 Red Sox suka gama share Yankees wasa uku a jere a filinsu na Fenway, Devers ya buga ƙwallo ta haye katanga a wasan, aka ci 2 da 0, na kwanta ina murmushi. Na tashi sallar asuba na duba waya, an tura shi San Francisco Giants. Na ɗauka irin labaran ƙaryar nan ne sai da na duba wuri uku. Giants suka ɗauki duk sauran kuɗin kwantiragin, wajen dala miliyan 250, suka ba da Jordan Hicks da Kyle Harrison da yara biyu, James Tibbs da Jose Bello. Tibbs ɗin ko wata biyu bai yi ba suka miƙa shi ga Dodgers, su dai Dodgers ɗin nan kamar sun yi mana asiri. Devers kuma da isarsa can ya ce zai buga duk inda aka sa shi, ya kuma buga tasha ta farkon. Wannan ya ƙona min rai ta ɓangare biyu, na ji haushinsa, na kuma gane ashe abin ba wurin tsayuwa ba ne, yadda aka yi masa ne.

Masu kare su suna da hujja kuma ba zan ɓoye ta ba. Bayan tafiyar Devers ƙungiyar ba ta rushe ba, a Yuli ma wasa goma suka ci a jere, suka ƙare sizin da nasara 89 suka shiga wasannin ƙarshe karon farko tun 2021. Sun ɗauko Garrett Crochet daga Chicago White Sox suka ɗaure shi da dala miliyan 170, sun ba Roman Anthony shekara takwas miliyan 130 tun bai yi wata uku a sama ba, wanda shi ne abin da ya kamata a ce an yi wa Betts tun yana ɗanye. Kuma a 2012 sun taɓa yin irin wannan zubar da kayan, suka tura Adrián González da Crawford da Josh Beckett Los Angeles, shekara mai zuwa suka ci kofi. Duk gaskiya ne.

Amma a 2012 kuɗin da aka sauke an mayar da shi fili nan take, aka ɗauko su Shane Victorino da Mike Napoli da Koji Uehara, mun ga inda ya shiga. Na Betts fa? Na Devers fa? Kullum maganar ɗaya ce, wai ana so a samu sararin motsi nan gaba. Gaban nan ba ta zuwa. A wasan da Yankees suka kore mu a Oktoban 2025 ko ci ɗaya ba mu yi ba, 4 da 0, wani sabon yaro mai jifa Cam Schlittler ya fitar da masu dukanmu sau 12, kuma yaron ɗan Walpole ne nan kusa da Boston, gidansu 'yan Red Sox ne. A daren nan abin da muka rasa shi ne mutum ɗaya mai nauyin sanda wanda mai jifa zai ji tsoro, irin wanda muka kai San Francisco. Shi kuma Bregman da aka tayar da duk wannan ƙurar saboda shi, sizin ɗaya ya yi ya fice daga kwantiragin ya tafi Cubs. Ba tsuntsu ba tarko.

Me ya sa suke iya yin haka ba fargaba? Don a besbol ba a faɗawa rukunin ƙasa. Ƙungiya 30 ne, ko wasa ɗari ka sha kashi baɗi kana nan, kason kuɗin talabijin na ƙasa yana shigowa, ƙarshen tebur ma gata yake jawowa wajen zaɓen sababbin yara. Ka kwatanta da Ingila inda in ka yi sake ka tsinci kanka kana zuwa Rotherham ranar Talata da daddare. Shi ya sa Liverpool a bazarar 2025 aka zuba sama da fam miliyan 400, Isak kaɗai 125, ga Wirtz, a daidai watannin da ake sauke albashin Devers. Na san za a ce asusun daban-daban ne, kuɗin Anfield ba ya zuwa Fenway, na Fenway ba ya zuwa Anfield, kuma na yarda. Ni ma a matsayina na ɗan Liverpool na ji daɗin sayayyar, ba zan yi munafunci ba. Amma hankalin mutum ai ba asusu biyu gare shi ba. Kamfanin su Henry, Fenway Sports Group, ya sayi Pittsburgh Penguins ta wasan ƙanƙara a 2021, ya jagoranci masu zuba kuɗi a gasar golf ta PGA a 2024, ga harkar gine-gine a kewayen filin. Red Sox da ta kasance 'yar fari 'yar lele yanzu ɗaya ce cikin shaguna, kuma shagon da ko an kula ko ba a kula ba yana kawo ciniki.

Don Fenway Park ba fili ba ne kawai, wurin yawon buɗe ido ne. Tun 1912 yake, ya fi kowane filin manyan ƙungiyoyi tsufa, ga koriyar katangar nan mai tsawon ƙafa 37, mutum dubu talatin da bakwai da 'yan kai kawai yake ɗauka, tikitinsa na cikin mafi tsada a ƙasar. Duk baƙon da ya shigo Boston sai ya je ya ɗau hoto ko bai san wa ke wasa ba. In ɗan gari ya yi fushi ya zauna a gida wani daga Ohio ko Japan zai zauna a kujerarsa ya sayi hula ma. Toh fushin naka wa ya ji shi?

A nan ne nake jinjina wa mutanen Liverpool. Fabrairun 2016 da waɗannan masu kulob ɗin dai suka ce za su kai wasu tikiti fam 77, ana minti na 77 da Sunderland wajen mutum dubu goma suka miƙe suka fice, muna ci 2 da 0 aka tashi 2 da 2, cikin 'yan kwanaki aka ba da haƙuri aka janye ƙarin. Afrilun 2021 maganar Super League, cikin kwana uku kacal Henry ya fito a bidiyo yana neman afuwa. Mutumin yana ji, in an taɓa inda yake masa ciwo. A Boston kuwa sai a yi ihu a rediyo, a yi ihu a taro, a rera a sayar da ƙungiya, gobe fili ya cika. Ba wai ina ganin laifinsu ba ne, mutumin da kakansa ya kai babansa filin nan, babansa ya kai shi, ba ka ce masa ya daina zuwa don ya hukunta wani biloniya, kansa zai fara hukuntawa. Kuma su masu ƙungiyar sun san da haka sarai, a kan wannan soyayyar suke cin kasuwarsu.

Na san akwai waɗanda suka fi mu shiga uku. 'Yan Oakland sun yi dafifi a fili a Yunin 2023 da riguna masu cewa a sayar, mai ƙungiyar John Fisher bai ko waiwayo ba, bayan sizin 2024 ya kwashe ta gaba ɗaya zuwa Sacramento kafin a gama masa fili a Las Vegas. 'Yan Pittsburgh Pirates rabon su da World Series tun 1979. In suka ji ɗan Boston mai kofi huɗu yana kuka sai su ce ƙoshi ne ke damunsa. Wataƙila. Amma su an san aljihun garuruwansu bai kai namu ba, mu kuwa a 2018 da 2019 mu ne muka fi kowa biyan albashi a duk gasar, ba wai kuɗin shiga ne ya ƙafe ba in ban da lokacin korona, kawai an yanke shawara ne a sama cewa ya isa haka.

Kuma abin da masu kalkuleta ba sa sakawa a lissafi, mai goyon baya ba tambarin riga yake so ba kawai, mutum yake so. Sizin besbol wata shida ne kusan kullum ana wasa, fuskar ɗan wasan nan kana ganinta fiye da ta wasu 'yan uwanka, ka san yadda yake tsayuwa, ka san in ransa ya ɓaci, Devers da kumatunsa cike yana taunar abu yana murmushi kamar yaron goye. David Ortiz sun bar shi ya tsufa a gida ya yi ritaya a 2016, yau duk garin Big Papi ake ce masa, har gada aka sa wa sunansa. A cikin waɗanda suka ci kofin 2018, Betts da Bogaerts da Devers da Benintendi duk renon gida, ba ko ɗaya da zai samu wannan.

Ƙanina da ya je karatu Amurka ya taɓa kawo min riga mai lamba 50 da sunan Betts a baya, tana nan cikin akwati ban iya sawa ban iya bayarwa. Da zai sake dawowa ya tambaye ni ko ya sayo min ta Roman Anthony tunda shi an ɗaure shi shekara takwas. Na ce masa Devers ma goma aka ba shi, ya sayo min wadda ba suna a bayanta.